Jirgin Da Senah Ta Maido Gida

Zuwa ga jikata Marlina, a Singapore.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, aikin asibiti bai tsotse ki ba. Mu nan Sayong lafiya lau, ruwa na ta sauka, kogi ya cika.

Faya-fayan da kika aiko sun iso, maƙwabcina Leman ya haɗa mini na'urar. Marlina, na ga jirgin wasan talabijin ɗin nan mai yawo cikin taurari da idona! Shekara da shekaru a kunne kawai na san shi.

Lokacin da ake nuna wasan, talabijin ɗaya ce a ƙauyen nan, a gidan mai gari, da batirin mota take aiki. Ni kuwa kafin asuba nake fita tsagar bishiyar roba, da an yi isha'i na kwanta. Kakarki Senah ce ke zuwa. Da yake ta yi firamare, ita ke karanta wa mata fassarar da ke fitowa a ƙasan hoto. Washegari muna juye ruwan roba daga kofuna, tana ba ni labarin abin da ya faru.

Yanzu da kaina nake karantawa, albarkar ajin manya na yamma da na shiga da furfurata. Sai dai ina tsayar da hoton in haɗa baƙi. Leman ya ce kafin in gama layi ɗaya jirgin ya wuce taurari uku. Na ce masa shi da ko sunansa ba ya iya rubutawa, ya ci gyaɗarsa ya yi shiru.

Abu ɗaya ke ɗaure mini kai. Senah ta ce mutum-mutumin ƙarfen nan na cikin jirgin yana son shinkafa da busasshen kifi, har yau ban ga ya ci komai ba. Leman ya ce matata ta daɗe tana yi mini wayo.

Faifai na ƙarshe ba zan taɓa shi ba sai kin zo. A nan ne mutanen jirgin suke komawa gida, shi ya fi kowanne daɗi a bakin kakarki. Tun rasuwarta ba ki taka gidan nan ba. Ki zo mu kalla tare.

Allah ya yi miki albarka. Kakanki, Razali.

*

Tok,

Wa'alaikumus salam. Kakana, na ji daɗin wasiƙarka, rubutunka ya fi na likitocinmu kyau. A gaida Pak Leman.

Na yi ta juyayin yadda zan faɗa maka wannan. Wasan ba shi da ƙarshe, Tok. Masu shi sun daina yinsa ana tsakiyar tafiya. A faifai na ƙarshe jirgin ya lalace kusa da wata baƙar tauraruwa, shi ke nan. Ba su koma gida ba. Ban san inda kakata Opah ta samo nata ƙarshen ba. Da na san haka ta gaya maka, da ban aiko ba.

Zancen zuwa kuma, ba aiki ne ya hana ni ba. Ba na jin zan iya hawa matakalar nan in ga kujerarta babu kowa a kai. Ka yafe mini.

Jikarka, Marlina.

*

Marlina,

Sallama da gaisuwa. Ki daina ba ni haƙuri, tun jiya nake dariya ni kaɗai.

Da na karanta wasiƙarki na ɗauki sandata na tafi wurin Mak Jah, ita kaɗai ta rage cikin matan da ke zuwa kallo. Ta ce gaskiyarki. Ranar da wasan ya yanke, mata sun watse suna tsaki. A hanya Senah ta tsayar da su ta ce, "Duk wadda ta gaya wa mijina jirgin bai dawo ba, ni da ita ne."

Sai na tuna wace shekara ce. Ita ce shekarar da ubanki Azhar ya bi jirgin dakon kaya, watanni ba wasiƙa ba labari. Abinci ba ya shiga mini, wurin tsaga kuma ina ta ɓata bishiyoyi. A cikin wannan hali ta tsaya tsakanin layukan roba ta ba ni labari, ta sauko mini da jirgin taurari a fili bayan girbin shinkafa, uwayen ma'aikatansa suna jira da tukwanen abinci. Ranar na ci kwano biyu. Uban naki kuma ya dawo kafin azumi, baƙi wuluk, yana neman sambal, miyar barkonon nan tamu.

Leman ya ce ashe dai wayon aka yi mini. Na ce ina ma shi ya samu mai yi masa irinsa.

To kin ga, ƙarshen wasan nan babu shi a faifai, babu shi wurin masu shi. A kaina kaɗai yake, ni kuwa na tsufa. Ba zan rubuta ba, a baki aka ba ni. Kujerar kuma ba za ta zauna babu kowa ba in kin zo, ke za ki hau.

Kakanki mai jira, Razali.

*

Tok,

Salam. Ina tafe ranar Asabar a motar safe. Mu fara kallon nasu, sannan ka ba ni na Opah. A dafa shinkafa da busasshen kifi, har da rabon mutum-mutumin.

Marlina.