Layin Duwatsun da Ya Dawo Mini da Ɗanka

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa ɗanka na fari ya dawo gida da ƙafafunsa. Yau na iya cin abinci.

Ka san shi da shige-shige, halinka ne ya kwaso. Ya gani a waya wai can wajen Madina akwai zane a ƙasa, duwatsu jere kamar an ja layi, ba a gane siffarsu sai daga sama, kuma ba a san waɗanda suka jera su ba. Na ce masa duwatsun Riyad ba su ishe shi ba? Ya yi dariya, ya ce "Ma fi mushkila, Umma," wato ba matsala, ya ɗauki hutu daga aikinsa a kasuwar Aziziya, suka tafi da abokansa.

Sai wayarsa ta daina shiga. Da abokan suka samu layi, suka ce ya hau tudu ɗaukar hoto, bai sauko ta inda suke ba. Wurin baƙin dutse ne ko'ina, gabas da yamma duk ɗaya, ga shi ruwan da ke hannunsa gora guda ce. Malam, na riga na rasa ka a ƙasar nan. Na zauna a kan darduma ina jin ba zan iya na biyu ba.

Ka tuna abin da kake faɗa masa in ka dawo daga doguwar hanya da tirela? "In ka ɓace a sahara, duk inda ka ga aikin hannun mutum, kada ka rabu da shi." Lokacin ni gani nake surutun direbobi ne. Ashe yaron yana ji. Ya ci karo da layin duwatsun nan, ya bi shi yana jan ƙafa, har ya kai shi babbar da'irar duwatsun da suka ajiye mota kusa da ita.

Shekarun nan duka, kunyar ɗan fari ba ta taɓa bari na kama sunansa ba, kai shaida ne. Jiya da ya shigo, leɓe duk a tsage, na ƙwala masa kira da sunansa a gaban maƙwabta, na rungume shi. Ya tsaya sororo, sannan ya fashe da kuka.

Allah Ya haskaka kabarinka. Waɗanda suka jera duwatsun kuwa, ban san su ba, Shi Ya san su.

Taka har kullum,
Uwar yaron. Sunansa ba zan rubuta ba, sau ɗaya ya isa.