Ƙorafi kan Farar Hodar da Aka Sa Muka Zuba wa Kauɗa

Daga: Hajara Dudu,
Shugabar Ƙungiyar Mata Masu Shanya Tumatir,
Bakin Ruwa, Yelwa-Yauri.
18 ga Maris, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Taimakon Masu Sana'ar Abinci na Bakin Ruwa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HODAR SALFAIT DA JAMI'INKU MALAM IDI YA KAWO MANA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 5 ga Fabrairu, Malam Idi ya koya mana jiƙa yankakken tumatir a ruwan wata farar hoda, wai salfait, don kauɗarmu ta tsaya ja, kada ta yi funfuna. Gwangwanin madara guda ya ce mu zuba a bokiti. Babu awo, buhun hodar kuma an ɓare takardarsa.

2. A gaban mata ashirin da uku na tambaye shi ko tana cutar da mai ciwon asma. Ya yi dariya, ya rantse gishiri ma ya fi ta illa. Ranka ya daɗe, mutumin nan maƙwabcinmu ne shekara goma sha ɗaya. Ta katanga yake jin tarin Innata mai fama da asma.

3. A al'adarmu, da kauɗar farko ake yi wa tsohuwar gida miya ta sa albarka. Ranar 2 ga Maris na yi wa Inna. Ba ta kai loma biyar ba numfashinta ya sarƙe. A asibiti ma'aikaciyar jinya, Susan, ta bayyana mini cewa ana sa salfait a abinci, amma da awo, kuma wajibi ne a gargaɗi masu asma.

4. Da na tunkari Malam Idi, sai ya ce wai ya ji tsoron in ya faɗa, mata su ƙi shirin. Ashe ya sani! Wallahi wannan ya fi komai ci mini rai, domin da bakina na shawo kan matan nan.

Don haka ina roƙo a binciki Malam Idi, a kuma yi shela a kasuwa da gaggawa, domin buhu tara na kauɗar sun riga sun bi jirgin ruwa zuwa Wara, ban san tukunyar wa za su shiga ba.

Inna ta dawo gida, alhamdulillahi. Sai dai in na kai mata tuwo, takan ture miyar gefe ta ci gaya.

Ina jiran matakinku cikin ladabi da biyayya.

Taku mai girmamawa,
Hajara Dudu