Sun Cire Waƙar Alasan Daga Kokowata

Malam Ja'afaru, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara. An ba ni wata takarda in sa hannu kafin ƙarshen wata, kullum sai in ɗauki alƙalami in ajiye.

Ni mutumin Maraɗi ne, na haura shekara sittin, fiye da rabinsu a Paris na yi su. Aikina ɗaukar kaya a kasuwar Rungis, har bayana ya lanƙwashe kamar lauje. Waɗanda muke aiki tare ba su san na taɓa zama kowa ba. Amma da ƙuruciyata ni ɗan kokowa ne. Ban taɓa ɗaukar takobin zakaran ƙasa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Rana ɗaya gare ni, ranar da na kayar da wani ƙato da aka daɗe ba a ga gwiwarsa a ƙasa ba, kuma 'yan tele, wato talabijin, suna nan sun ɗauka.

Makaɗina Alasan ne, Allah ya jiƙansa. Ranar na gaji. Alƙalin wasa ya raba mu, kafin mu sake haɗuwa Alasan ya sauya kiɗa ya kira sunan mahaifiyata, wadda ta rasu da damanar shekarar. Ka san mu, ɗa ba ya faɗin sunan uwarsa, ni har yau bai taɓa fita daga bakina ba. Shi kuwa ya faɗe shi a gaban dubban mutane, ya haɗa da garinsu da sunan ubanta. Na tsaya cak, idona a rufe, hannuwana a sake. Fili ya ɗauki ihu. Da na buɗe ido na shiga ƙarƙashin ƙaton nan, sai ga shi a ƙasa. Bijimin sa aka ba ni kyauta, ban kai shi gida ba, a nan cikin fili na damƙa wa Alasan igiyarsa.

Kaset ɗin waƙar da na zo da shi daga gida danshi ya cinye shi tuntuni. Na haƙura. Sai bara wani mai shagon waya a unguwar Barbès ya nuna mini kokowar a intanet, wai wani ƙaramin kamfani na nan Paris ya sayi tsofaffin hotunan tele ya gyara su. Ga ni, ga muryar Alasan. Na yi kuka a shagon mutane. Na kira 'yata Hamdiya, wadda aka haifa nan, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, sunan kakarta kuwa a takardun haihuwata kawai ta san shi, da rubutun Faransanci ma. Na ce ta zo ta ji yadda ake kiransa. Aiki ya riƙe ta, sai bayan 'yan makonni ta samu zuwa. Na dafa shayi, muka zauna, na kunna.

Babu Alasan. Sun sa wani kiɗan inji irin wanda ake ji in an kira asibiti an ce ka dakata. Kuma da yake a da komai wuri ɗaya ake naɗa, da suka cire waƙar ihun mutane ya tafi da ita. Sai wani saurayi tsaye a tsakiyar fili ido rufe, ba dalili. A ƙarƙashin hoton yara suna rubuta wai tsoro ne ya kama shi, sa'a ce kawai ta ba shi nasara. Hamdiya ta dafa kafaɗata ta ce ya yi kyau, kamar yadda ake lallashin majinyaci.

Na je kamfanin da fushina. Ban tarar da azzalumai ba, Malam, yara ne 'yan kaɗan a ɗaki ɗaya, kuma ba don su ba da hotunan nan sun ruɓe. Suka ce magajin makaɗin ya yi rajistar waƙoƙin ubansa, kuɗin lasisin da ake nema ya fi abin da suke samu, shi ya sa suka sauya kiɗan.

Magajin nan Mika'il ne, ɗan Alasan. Da ya fara zuwa Faransa a ɗakina ya yi wata da watanni yana kwana. Yana yaro shi ke yi wa ubansa amshi, har yakan rera mini waƙar nan yana wanke kwanoni don ya tsokane ni. Yanzu direban taram ne, jirgin ƙasan cikin gari, a Lyon, ya daina duk wannan. Na shiga jirgin ƙasa na same shi a unguwar Guillotière. Ya tarbe ni da Baba, Baba, ya ciyar da ni, ya ƙi. Ya ce masu kaset sun yi shekaru suna cin abinci da muryar ubansa, uban ya mutu ba kuɗin magani, uwarsa ta makance tana nan Maraɗi shi ke riƙe da ita, ba zai sake ba kowa ubansa a banza ba. Me zan ce? Ni kaina da Alasan ke jinya me na aika?

To ga takardar. Lauyar kamfanin ta ji labarin san da na ba Alasan, sai idonta ya buɗe. Ta ce in na sa hannu cewa waƙar don ni aka yi ta kuma na biya da san nan, wataƙila su mayar da ita ba tare da sun ba Mika'il komai ba. Wani lokaci in ce ai gaskiya ne: sunana ne, uwata ce, sana ne. Wani lokaci in kasa kallon takardar. Na gaji. Ƙasar nan ta cinye bayana da ƙuruciyata, abu ɗaya da ya rage mini shi ma an mayar da shi abin dariya. In sa hannu ko in mutu a haka?

Tsohon ɗan kokowa, Paris

*

Yayana, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifiyarka da Alasan.

Kada ka sa hannu. Ka fi ni sanin abin da san nan yake. Wanda ya miƙa igiya a gaban jama'a hawaye na zuba ba ciniki yake yi ba. Kyauta ce, kuma Alasan ya ci gaba da rera waƙarsa inda ya so, ba ka taɓa cewa ya nemi izininka ba. In ka kira ta farashi yau, ka karɓe kyautar daga hannun mamaci. Ka lura kuma, lauyar "wataƙila" ta ce. Abin da ya tabbata shi ne takardar za ta sa ka tsaya gaban alƙali kana shaida a kan yaron da ke ce maka Baba.

Ban ce ba ka da haƙƙi ba. Zafin da kake ji na gaskiya ne. Shi ma Mika'il bai gama tunani ba: kuɗin da ba wanda zai biya ba zai sayi magani ga tsohuwar Maraɗi ba, ga shi muryar ubansa tana kulle inda ba mai jin ta.

Ka koma Lyon, ka tafi da Hamdiya. Ka nuna wa Mika'il takardar da hannunka kafin ya ji daga wani bakin, ka gaya masa ka ƙi. Sannan ku rubuta wa kamfanin tare, ku nemi kwafin asali na iyali, wanda ba na sayarwa ba. Shi magaji ne, maganarsa ta fi taka nauyi a nan. In ya yarda, ya ba su zaɓi na biyu: kaso kaɗan gwargwadon masu kallo, da sunan Alasan a rubuce a kan hoton. Ku nuna wa lauya naku kafin kowa ya sa hannu a komai.

Ba zan yaudare ka ba. Kamfanin da ya riga ya sauya kiɗa da wuya ya koma baya, kuma mai yiwuwa yaran intanet su ci gaba da ganin matsoraci a inda kai ka san abin da ya tsayar da kai. Wannan asarar wataƙila ka ɗauke ta har ƙarshe.

Amma ka sake karanta wasiƙarka. Abin da ka dafa shayi dominsa shi ne Hamdiya ta ji an kira kakarta. Kai ba za ka iya faɗin sunan ba, kuma daidai ne. A duk Faransa mutum ɗaya ya rage da ya san waƙar nan kuma gadonsa ne ya faɗe shi, yana can yana tuƙa taram. Ka roƙe shi wannan kawai, a ɗakinsa, ba kyamara ba kamfani. Zai iya ƙi. In ka sa hannu kuwa, ba za ka ma iya roƙonsa ba.

Allah ya sassauta maka ciwon baya, ya kai ku Lyon lafiya, ya sa Mika'il bai manta amshin ba.

Ja'afaru