Kifinka Ya Fara Cin Murjani

Taufiƙ,

In ka dawo ba za ka same ni ba, na tafi Pitowa wurin ƙanwata Talatu.

Da safen nan na buɗe firigo in ɗauki allurar sugana, na tarar da cikinsa zafi kamar tanda. Ashe kai ka zare wayarsa tun jiya, ka jona injin sanyaya ruwan kifinka na cikin akwatin gilashi. A wannan zafin na Garwa! Mai farmasi ya ce kwalaben sun lalace, kada in kuskura. Yau ban yi allura ba. Wato ruwan gishirin kifi ya fi jinin uwarka.

To, kai da bakinka ka ce ƙaton kifin nan mai zanen shuɗi da rawaya, in bai ci sau uku a rana ba, kan tsiron murjanin da kake reno cikin gilashin zai koma. Ban ba shi komai ba. Na jawo kujera na zauna ina kallo. Ya fara da koren murjanin nan da ka rungumo tun daga Duwala, ya cinye gefe guda tas. Wallahi ban ce masa kul ba.

Gwangwanayen abincinsa duk suna cikin jakata.

Ka mayar min da wayar firigona, ka sayo allurata, ka kawo min Pitowa da hannunka, sannan in ba ka gwangwanayen. Kada ka turo matarka ta yi min kuka.

In ka ga dama ka yi sauri. Na baro shi yana zagaya jan.

Inna