Gurbin Muryar Bakur

Ozurgeti, 3 ga Oktoba

Zuwa ga yayata Tsiala,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can birnin Bari. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwa, ya ƙara miki haƙuri da zaman ƙasar mutane. Mu nan lafiya gwargwado. Matata Lamara ta fara cin abinci sosai, har ta koma shiga lambu. Ruwa bai ɗauke ba tun makon jiya, amma mun samu tsinke inabin kafin ya lalace.

Na karanta shawararki cewa a ɗauko mawaƙi daga Batumi ya riƙe muryar tsakiya cikin muryoyin ukun ranar cikar shekara da rasuwar Bakur, idan za a yi masa waƙar gidanmu a bakin kabari. Na gode, amma ba zan yi haka ba. Ni zan riƙe ta. Na san za ki yi mamaki, domin ke shaida ce cewa sa'ad da Baba yake koya wa jikansa waƙar, ni ina rufe ƙofa in ce suna hana ni karatu. Shekara talatin da shida na yi ina koyar da lissafi a Kutaisi, ban taɓa zuwa sauraron ɗana ba ko sau ɗaya. Ban faɗi wannan don a tausaya mini ba, na faɗa ne don haka aka yi.

Wata uku da suka wuce Lamara ta tsinci wata 'yar na'ura a aljihun rigar Bakur, ba ta fi sabulu girma ba, da zarenta na saƙalawa a kunne. Irin wadda mawaƙa ke ɗaukar murya da ita ce, su riƙa bita a mota ko a hanya. Na zauna na saurare ta daga farko har ƙarshe ina neman muryarsa. Babu. Sai muryar abokan waƙarsa biyu, Ilarion a sama, tsoho Otar a ƙasa, tsakiya kuwa fayau. Na ɗauka ta lalace ne, na kai wa Otar. Ya dube ni, ya ce wai Farfesa guda bai san wannan ba, ai mai bita ba ya ɗaukar muryar kansa, ta 'yan'uwansa yake ɗauka, ya bar nasa gurbin don ya cike da bakinsa. Ashe su biyun ne suka yi ta rerawa, Bakur yana tsaye tsakaninsu da na'urar a aljihun ƙirji, yana motsa leɓe kawai.

A ranar na kira su gida na gaya musu niyyata. Otar ya sa na gwada, da na gama sai ya ce ƙofar rumbunsa ta fi ni zaƙin murya, ita ma don ba a sa mata mai ba ne, ni kuwa babu man da zai yi mini magani. Ilarion ya ce masa ya rufe baki, tsohon banza, shi da ya shekara hamsin yana gurnani kamar cikin mayunwaci ana ce masa mawaƙi. Suka yi ta yi har Lamara ta kawo wainar masara da cuku. Ranar ce na fara jin dariyarta tun bara.

Da farko na bi hanyar da na sani. Na ɗauki takarda na auna tazarar da ke tsakanin muryoyin biyu, ina zaton zan fitar da ta ukun kamar yadda ake fitar da amsa. Otar ya ce in ba Lamara takardar ta hura wuta, domin tsakanin sama da ƙasa akwai hanya ɗari, kowane gida da tasa, kuma tamu ba a taɓa rubuta ta ba. Su biyun sun tuno mini baiti na ɗaya da na biyu yadda Bakur yake yi. Na ukun ne suka kasa. Ilarion ya ce a nan muryarsa takan hau can sama, ba ya jin kowa. Otar ya ce shi ba zai ƙaga wa mamaci abin da bai rera ba.

Yaya, nan ne buƙatata take. A duk waɗanda suka ji Baba yana wannan baitin, ke kaɗai kika rage. Ina roƙonki ki rera shi a wayarki ki turo mini, ko da muryar ta tsufa, ko da za ki tsaya a tsakiya. Kada ki gyara komai. Saura kwana arba'in da ɗaya. Kullum da safe ina zaga gonar shayi da na'urar a kunne, sa'a biyu, maƙwabta har sun daina juyowa. Idan kika turo cikin makon nan, lokacin zai ishe ni. Ba na neman in yi kyau. Ina neman in yi daidai.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba, har Lamara. Kin san muryar tsakiya ce ke buɗe kowane baiti. Na daɗe ina shiga a makare, har wata safiya na ƙara ƙarfin na'urar. Kafin kowane gurbi akwai wani ɗan sauti. Na maimaita wurin sau da yawa kafin na yarda da kunnena. Numfashinsa ne. Ko da yake ba ya rerawa, yana jan numfashi daidai inda ya kamata, kuma na'urar tana kan ƙirjinsa. Tun ranar ban sake makara ba. Yana ja, ni kuma in fara.

Kafin baiti na uku ma yana ja, Yaya, dogo ƙwarai, ya fi sauran. Can nake tsayawa kullum da baki buɗe. Ki turo mini abin da zan sa a wurin.

Lamara tana gaishe ki, haka Otar da Ilarion. Ki gaishe mini da 'yarki Eka da mijinta Zaza idan sun kira. Allah ya kare ki, ya dawo mana da ke lafiya.

Ƙaninki mai jiran muryarki,
Amiran