Wasiyya a Kan Makullin Keke

A sani, tun daga ƙofar ɗakina har iyakar inda labari ke kaiwa, cewa ni mahaifinku, tsohon mai gyaran kurakuran rubutu a maɗaba'a, ina rubuta wannan wasiyya da cikakken hankalina, duk da hukuncin da kuka yanke mini a falo cikin raɗa, kuma duk da yau kwana ashirin ke nan da aka salwantar mini da makullin keke.

Na ɗaya. Ke Babbar Yaya, na bar miki takardar asibiti, tunda layin farko kawai kika karanta kika ninke. Ban musa ba, likita ta ba ni kalmomi biyar in riƙe, na dawo mata da uku. Ta ce mantuwa ce mai sauƙi. Amma can ƙasa ta rubuta ciwon damuwa, har ta ja masa layi biyu. Tun rasuwar mahaifiyarku abinci ba ya mini ɗanɗano, littattafan da na tara suna kallona ina kallonsu. Ku kuwa kuka ga tsoho ya yi shiru, sai kuka ce ƙwaƙwalwa ta tafi. Ki daina tambayata ko yau wace rana ce kafin ki gaishe ni. Ni ba ɗan aji biyu ba ne.

Na biyu. Kai Injiniya, keken naka ne bayan raina, ba kafin nan ba. Sau ɗaya tak na ɓace hanya, shi ma don an rushe shagon da nake karya kwana a gabansa shekara talatin. A kan wannan ka kafa dokar hana fita. Gardamar da kuke yi da yayarka kan gidan wanda za a kai ni, ku kashe ta. Ni ba kujera ba ne.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi. Mai Agogo abokina ne tun kafin a haife ku, kodayake ba ƙabilarmu ɗaya ba. Duk Laraba nake zuwa wurinsa. A gabana likitar nan ta ce ya zana fuskar agogo. Mutumin da ya shekara arba'in yana buɗe cikin agogo ya tara lambobin a gefe guda, ya ajiye fensir, ya sunkuyar da kai. Danginsa suka ce asiri ne, ku kuka ce tsufa ne. Fassara biyu, magani ɗaya: ɗaki, talabijin, a ja ƙofa. Yanzu Hausarsa ta fara zubewa, yana komawa harshen mahaifiyarsa, wanda ban san fiye da gaisuwa a cikinsa ba. Laraba uku ta wuce ni. Ina tsoron in je in tarar ba sauran abin da za mu iya ce wa juna. Idan na riga shi tafiya, ɗayanku ya riƙa zuwa, ko da zama ne kawai.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya ba ku 'ya'ya masu karanta takarda har ƙarshe. Kada ku rabu, kada ku rufe wa kowa ƙofa da sunan tausayi.

Ƙarin bayani. Da na buɗe gidan tabarau don in duba rubutun kafin in sa hannu, sai ga makullin a ciki. Ba wanda ya ɗauka. Gaskiyar magana, ban ma neme shi ba, jikina ne ya ƙi tashi, na ɗora muku laifin. Don haka na ci kaina tarar wanke kofunan shayi na kwana uku, daga jibi. Gobe Laraba ce, ina da wurin zuwa.