Kalmar da Aka Cire Daga Tarihin Ƙwallon Thornlode

Daga: Misis Maureen Tapsell,
Lamba 9, Layin Masaƙa, Thornlode.

Zuwa ga: Mista Gareth Pomfret,
Magatakardan Majalisar Gari.

18 ga Maris, 2019.

Ranka ya daɗe,

Game da: Tattake mijina a wasan ƙwallon bana, da shirin soke wasan.

Bayan gaisuwa da ladabi, ni haifaffiyar garin nan ce, matar Clive Tapsell mahauci, wanda yanzu haka yake kwance a asibiti. Ga ƙorafina.

1. Ofishinka ya san Thornlode garin masu saƙa malafa ne tun kafin zuwan layin dogo. Sana'ar ta mutu, jirgi ya kawo mana baƙi masu kwana a nan su yini a Landan. Abin da ya rage mana na gado shi ne ƙwallon Talatar jajibirin azumin Kirista, inda 'yan Tudu da 'yan Kwari ke kokawa a kan ƙwallo ɗaya daga kasuwa har gada. A fasa baki, a karya hanci, ba mai kai ƙara. Doka ɗaya ce tak: in mutum ya faɗi, a yi ihu "Malafa!", kowa ya ƙame har a ɗaga shi.

2. A watan Janairu kuka kafa allon tarihin gari a tasha, kuna gayyatar kowa ya shiga wasan. Kun rubuta shekarar da aka gina coci, har da nauyin ƙararrawarta. Wannan kalma guda kuwa, "Malafa", kuka tsallake ta.

3. Ranar 5 ga Maris, Clive ya faɗi a bakin gada. Na yi ihu "Malafa!" har maƙogwarona ya dushe. 'Yan gari suka ƙame. Baƙin nan, ƙarti majiya ƙarfi, da suka ga an tsaya sai suka ɗauka hanya ce ta buɗe, suka bi ta kansa. Wani har yana dariya: "Iya, je ki kanti ki sayi wata!" Da kunnena na ji gwiwarsa ta fashe. Suka taka masa fuska, jini ya wanke dakalin gadar, ni na tsince haƙoransa a kwata. Ranar 9 ga wata aka yanke ƙafar. Wallahi ina jin haushin yaran nan, amma ba wanda ya koya musu dokar.

4. Yanzu kuma na ji majalisa za ta zauna ranar 26 ta soke wasan, wai don tausayin mijina. Laifin allonku, a rataya wa kakanninmu?

Saboda haka ina roƙo a sauke allon, a rubuta dokar da manyan baƙaƙe, a kuma janye batun sokewa. Clive ya ce in shaida maka ƙafa dai ta tafi, ya haƙura. Amma in kuka kashe wasan da sunansa, ba zai iya sake haɗa ido da kowa a garin nan ba, kuma a garin nan za a binne shi.

Ina jiran amsarka kafin ranar zaman. Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya,
Maureen Tapsell (Misis)